Banki ya hana ka bashin gida kuma ya riƙe kuɗin da ka biya: ga yadda ake bin sawunsu

Kuɗin da mutum ke zuba wa banki kafin a ce masa an yarda ko ba a yarda ba kan bashin gida ba kuɗi ɗaya ba ne. Kala-kala ne, kowanne da inda ya nufa. Wanda bai rarrabe su ba, ranar da aka hana shi bashin sai ya faɗa banki da zafi yana cewa a ba shi kuɗinsa, ma'aikaciya ta juyo masa da fom ɗin da ya sa wa hannu, ta ɗora yatsa kan layin da aka rubuta ba a mayarwa, ya fito yana Allah ya isa. Na yi shekaru a bayan irin wannan teburin a wani kamfanin ba da bashi a Adum, cikin Kumasi, kafin sharar kamfanonin kuɗi da Babban Bankin Gana ya yi a 2019. Yanzu ina Aboabo, ina cike wa mutane fom ina rubuta musu wasiƙu. Abin da zan gaya maka shi ne ka bar cewa a ba ka kuɗinka. Ka ce a nuna maka aikin da kowane kuɗi ya saya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda kuma bai yi askin ba ba shi da hujjar riƙe ladan.

Maganar halaccin kuɗin ruwa ko haramcinsa ba tawa ba ce, ga malamai nan cike da zango. Ni takarda na sani.

Kuɗi na farko shi ne kuɗin fom da duba takardu, wanda suke kira furosesin. Wannan ladan ma'aikatan da suka karanta fayil ɗinka ne, suka duba albashinka, suka leƙa tarihin bashinka. Ko sun ba ka ko sun hana ka, aikin an yi shi. In an rubuta a fom cewa ba a mayarwa, kada ka ɓata ƙarfinka a kansa, sai dai in an karɓa ba tare da an taɓa gaya maka ba, ko an karɓa ba rasit.

Na biyu kuɗin kimanta gida. Wannan yawanci ba ya zama a aljihun banki, wucewa yake yi zuwa ga safiyo mai kimantawa daga waje. In mutumin ya zo da tef da kyamara, ya zagaya gidan, ya rubuta rahoto, kuɗin ya tafi. Amma sau da yawa na ga fayil ya mutu tun a teburin albashi, ba wanda ya taka ƙafa ya je ganin gidan, kuɗin kimantawa kuwa an riga an cire tun ranar farko. Wannan naka ne. Haka kuɗin lauya, shi kashi biyu ne ko da an haɗe maka shi a layi ɗaya: akwai binciken takardun fili a hukumar filaye, Lands Commission, akwai rubuta yarjejeniyar jingina. Binciken ana iya yin sa kafin a yanke hukunci, kuma yana da rahoto mai hatimi da rasit. Yarjejeniyar jingina kuwa ta bashin da aka yarda a bayar ce. Wa ya rubuta jinginar bashin da ba a ba da shi ba?

Sai manyan, waɗanda a kansu ne kuka ya fi yawa: kuɗin haɗa bashi da ake lissafawa da kaso cikin ɗari na abin da ka nema, inshorar gobara, inshorar rai, kuɗin hatimin gwamnati da na rajistar jingina. A ce gidan sidi 600,000 ne, banki zai ba da 480,000, kuɗin haɗa bashi kashi 2 cikin 100. Sidi 9,600 ke nan. Duk waɗannan kuɗaɗen bashi mai rai suke bi. Ba a yi wa gidan da ba ka saya ba inshora, ba a buga hatimi kan takardar da ba a rubuta ba. In kuma sun sa ka ajiye naka kason na kuɗin gidan a asusu a wurinsu, wanda galibi yakan kai kashi 20 cikin 100, wannan ba lada ba ne ko kaɗan. Ajiya ce, ranar da maganar ta mutu a sakar maka abinka.

Kafin ka ciro kuɗi

Dokar masu ba da bashi da masu karɓa ta 2020, Act 1052, ta wajabta wa mai ba da bashi ya ba ka takardar bayani kafin ka sa hannu kan yarjejeniya, mai nuna kuɗin ruwa da sauran kuɗaɗen da za a caje ka. Babban Banki ma ya fitar da ƙa'idojin bayyana gaskiyar bashi tun 2017. Saboda haka ba alfarma kake roƙo ba in ka ce a ba ka jerin kuɗaɗen a rubuce. Ka karɓa, ka ɗauki biro, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya iri biyu: yaushe ake biyan wannan, kuma in kun hana ni bashin me zai faru da shi? Amsar da aka ba ka da baki ka roƙa a aiko maka da ita ta imel. Ma'aikacin da ya ce kada ka damu, Alhaji, ai fayil ɗinka mai kyau ne, ba shi ke yanke hukunci ba. Kwamitin bashi ne, kuma sau da yawa yana hedikwata a Ankara, babban birnin Gana, bai taɓa ganin fuskarka ba. Shi ma'aikacin an ɗora masa adadin fayil ɗin da zai shigar kowane wata, don haka daɗin bakinsa ba alkawarin banki ba ne.

Abin da ya fi komai ceton kuɗi shi ne jeri. Ka nace a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bar mai tsada ya zo ƙarshe. A fara duba kai kanka: albashi ko cinikinka zai ɗauki bashin nawa? Bankuna da yawa ba sa son biyan wata ya wuce wajen kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigowa hannunka, kuma mai albashi suna son ya gama biya kafin ritaya a shekara 60. Wannan lissafin minti goma ne da kalkuleta, ba ya buƙatar safiyo. In kai ka wuce, a duba takardun gidan. In takardun sun wuce, a kimanta. In an kimanta, a ba ka takardar tayi, ofa leta, sannan ne manyan kuɗaɗen ke da wurin shiga. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin haɗa bashi ko inshora kafin ofa leta ta shigo hannunka, ka ce masa za ka dawo.

Ofa letar ma ka karanta ta da kyau, don tana zuwa da sharuɗɗa da wa'adi. In an ce ka kawo takarda kaza cikin kwana kaza ka kasa, banki zai ce ba shi ya hana ba, kai ka saɓa, kuma a nan riƙe kuɗin yana da ƙafar tsayawa. In bashin na dala ne, ka tuna 2022, shekarar da sidi ya zube, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba. Mutumin da albashinsa ya isa a watan da ya cike fom, kafin a gama duba fayil albashin ya daina isa. Ka tambaya tun farko wa zai ɗauki asarar kuɗaɗen in canji ne ya kashe maganar.

Mu mutanen zango akwai wurare uku da fayil ɗinmu ke yawan faɗuwa, kuma duka ukun kana iya gano su da kanka kafin banki ya caje ka ladan gano maka.

Takardar fili ce ta farko. A Kumasi mafi yawan ƙasa ta sarauta ce, a ƙarƙashin kujerar Asantehene, babban sarkin Asante, da sarakunansa. Takardar rabon fili da sarki ya ba kakanka ko mai sayar maka ba ita ce takardar haya ta shekaru ba, kuma banki ba ya karɓar jingina a kanta ita kaɗai. Yana son takardar haya da ta bi ta sakatariyar filaye ta Manhyia, fadar Asantehene, aka kuma yi mata rajista a Lands Commission, ko takardar shaidar mallaka, da taswirar fili da ta yi daidai da abin da ke ƙasa, da izinin gini. Yana kuma duba shekarun da suka rage a hayar, don ba zai ba da bashin shekara 15 kan hayar da ta kusa ƙarewa ba. Gidajen gado na Asawase da Aboabo da Sawaba kuwa, inda sunan marigayi ke kan takarda magada suna warwatse daga nan har Jamus, sai an sami takardar kula da gado daga kotu an kuma sauya suna kafin banki ya ko kalle su. Je ka Lands Commission da kanka da taswirar filin ka biya kuɗin bincike. Gara ka kashe wannan da ka yi asara a banki.

Na biyu tarihin bashi. Tun dokar 2007, Act 726, akwai kamfanonin ajiye tarihin masu bashi, irin su XDS Data, kuma bankuna sai sun leƙa can kafin su ba ka. Ɗan bashin waya da ka ci ka manta, ko tsayawa da ka yi wa ƙanenka a wani kamfani ya gudu bai biya ba, duk suna nan da sunanka. Kana da ikon neman rahotonka da katinka na ɗan ƙasa, Ghana Card, kuma in akwai kuskure ka nemi a gyara.

Na uku ya fi taɓa 'yan kasuwa. Wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ta zo mini ranta a ɓace, ta ce: “Malam, abin da nake juyawa a sati ya fi albashin yaron da ya ce ban cancanta ba.” Na ce: “Gaskiyarki, Hajiya, amma shi yaron takarda yake karantawa, kuɗinki kuwa suna cikin adashi da momo na waya da lalita.” Banki bayanin asusu yake so na watanni da dama a jere. Mai niyyar neman bashin gida baɗi, tun bana ya fara bi da cinikinsa ta asusu.

Akwai wani kuɗin da ya fi na banki duka zafi, kuma ba banki ke riƙe shi ba: kafin alƙalamin da ka ba mai gida ko kamfanin gine-gine don a ajiye maka. Kada ka ba da shi sai an rubuta a yarjejeniya cewa cinikin ya rataya ne kan samun bashi, in banki ya ƙi za a mayar maka cikin kwana kaza, an kuma faɗi abin da za a cire in akwai. Kada ka manta banki kan ƙimar safiyonsa yake ba da bashi, ba kan farashin da kuka yi da mai gida ba. In ya kimanta ƙasa da farashi, cikon yana wuyanka, in ba ka da shi ciniki ya watse. Wannan ma ya shiga cikin sharaɗin.

Ko wane kuɗi za ka biya, ya shiga asusun bankin da sunan bankin, ka karɓi rasit mai faɗin ko na mene ne. Ba lambar momo ta ma'aikaci ba, ba hannun ɗan kamashon da ya ce ya san manaja ba. Ka kuma duba sunan kamfanin cikin jerin masu lasisi a shafin intanet na Babban Banki. Wanda ya ga Mayun 2019, da aka soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, aka bi da wasu 23 na ajiya da bashi a Agusta, ya san allo mai kyau a bakin titi ba shaida ba ne.

In an riga an hana ka

Fara da neman ƙin a rubuce, da dalilinsa. Da yawa ba a ce musu an hana, jan su ake yi, yau kwamiti bai zauna ba, gobe manaja ya yi tafiya, har su gaji su daina zuwa, sai a rubuta a fayil cewa mai nema ne ya janye. Wannan kalmar tana da tsada, don wanda ya janye da kansa hujjarsa ta neman a mayar masa ta yi rauni. Kada ka sa hannu kan wata takardar janyewa don kawai a ba ka takardunka.

Daga nan ka ciro bayanin asusunka tun daga ranar da ka shigar da fom, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da aka cire. Wasu kuɗaɗen ba a hannu ka biya su ba, cire su aka yi shiru. Ka haɗa da rasitai, da kwafin fom, da saƙonnin WhatsApp da kuka yi da ma'aikacin, musamman inda ya ce maka za a mayar ko ya ce an riga an amince.

Sai wasiƙa. Da Turanci za a rubuta ta, in ba ka iya ba ka sami mai rubuta maka, amma kai za ka faɗi abin da za a sa. Kada ta wuce shafi ɗaya, kada a sa zagi, kada a sa tarihin wahalar da ka sha. Sunanka da lambar fayil, ranar da ka nema, ranar da aka hana. Sannan kowane kuɗi a layinsa: adadi, rana, lambar rasit, da abin da kake nema a kansa. Kan kuɗin kimantawa, a ba ka kwafin rahoton safiyo da ranar da ya je, ko a mayar. Kan kuɗin bincike, a ba ka rahoton Lands Commission, ko a mayar. Kan inshora, a ba ka lambar takardar inshorar da sunan kamfanin, ko a mayar. Kan kuɗin haɗa bashi, a nuna maka sakin layin da ya ba su ikon riƙewa alhali su suka ƙi. Ka rufe da jimillar abin da kake nema da lambar asusun da za a zuba. Wasiƙa irin wannan tana da wuyar amsawa da layi ɗaya, don mai amsar dole ya tashi ya nemo takardu, in kuma babu su ya san babu.

Ka kai ta teburin ƙorafi na reshen, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, a ba ka lambar ƙorafi. Ƙa'idojin sauraron koke da Babban Banki ya kafa a 2017 sun ce shigar da ƙorafi kyauta ne, kuma banki yana da kwanakin aiki 20 ya warware, in lamarin ya yi nauyi ya ƙara 10 bayan ya sanar da kai. Hatimin nan shi ne shaidarka ta ranar da aka fara ƙirga kwanakin. Wanda ya yi ta zarya yana magana da baki wata uku, ba shi da shaidar ranar da ya fara.

In wa'adin ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya zuwa Babban Banki, ofishin da ke kula da mu'amalar bankuna da jama'a, Market Conduct Office. Suna karɓa ta wasiƙa, ta imel da ta waya, kuma Babban Bankin yana da reshe a nan Kumasi, ba sai ka hau motar Ankara ba. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka kai kuka wurin bankin da farko, shi ya sa kwafin mai hatimi yake da daraja. Nan ma ba a biyan ko sisi. A abin da na gani, bankin da ya yi wata biyu yana cewa ana dubawa yakan sami amsa da sauri in tambayar ta fito daga wanda ke riƙe da lasisinsa. Amma kada ka sa rai za a dawo da komai. Furosesin da aka bayyana maka tun farko da aikin safiyon da aka yi da gaske sun tafi. Wani lokaci banki zai yi tayin mayar da wani kaso. Ka auna shi da jerinka: in ya rufe kuɗaɗen da ba a yi aikinsu ba, karɓa ka huta. In an kawo maka takardar cewa ka yafe sauran, karanta ta kafin biro ya taɓa ta.

In wanda ya karɓi kuɗin ba shi da lasisi, ko mutum ne ya karɓa a momo ɗinsa ya kashe waya, wannan ya bar layin ƙorafi ya koma damfara. Sashen binciken laifuka na 'yan sanda ko EOCO, ofishin binciken laifukan kuɗi, za ka nufa, ka kuma sanar da Babban Banki. Kada ka bari a ce a zauna a gida a sasanta alhali ba ka da komai a rubuce. In za a sasanta gaban liman ko mai unguwa, a rubuta adadi da ranar biya, shaidu su sa hannu.

Kotu tana nan, kotun gunduma na sauraron irin wannan ƙarar, kuma akwai sulhu da ake yi a ƙarƙashin kotu wanda ya fi shari'a sauri. Marar ƙarfin ɗaukar lauya yana iya zuwa hukumar ba da taimakon lauya, Legal Aid Commission. Sai dai ka yi lissafi tukuna: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin mota, ranakun da za ka rufe shago. Kan sidi 1,500 ban ba ka shawara ba. Kan kafin alƙalamin gida da mai gida ya danne, ko ajiyarka da aka ƙi saki, je ka.

Ko an mayar da kuɗi ko ba a mayar ba, kada ka bar ainihin takardunka a can. Takardar haya, taswirar fili, izinin gini, rahoton bincike, duk ka karɓo, ka ƙirga shafukan a gaban ma'aikacin kafin ka sa hannu cewa ka karɓa. Rahoton safiyon ma ka riƙe kwafinsa. Wani bankin yana da nasa jerin safiyoyi kuma zai iya cewa a sake, amma aƙalla ka san ƙimar da aka ba gidan, ka koma wurin mai gida da ita ku sake zama kan farashi. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake neman rahoton tarihin bashinka, ka tabbata ba a rubuta maka bashin da ba ka karɓa ba.